Ma'anar injekta fam na fetur da yadda yake aiki a tsofaffin motocin gudu

Idan bakanike a Sakkwato ya ce "injekta fam", kusan kullum famfon injin gas yake nufi, wato na tirela da tifa da tarakta da manyan janaretoci, da na tsohuwar Marsandi 911 mai dakon albasa da hatsi. Sai dai an yi zamanin da ake ɗora irin wannan famfo a injin fetur, kuma motocin da suka same shi suna cikin waɗanda suka fi tsada da gudu a lokacinsu. Na'ura ce da injin da kansa yake juyawa, aikinta ta auna man da kowace silinda take bukata, ta tura shi da ƙarfi ta siririn bututun ƙarfe zuwa nozul a daidai lokacin da ya dace, babu kwamfuta, babu sensa.

Kafireta ba ta tura mai. Iskar da injin yake zuƙa ce take janyo fetur ta tafi da shi, shi ya sa silindar da ke nesa takan samu rabo dabam da ta kusa, kuma idan mota ta sha kwana da gudu man da ke cikin kwanon kafireta yakan karkata gefe guda. Ga motar kasuwa wannan ba wani abu ba ne, amma ga mai tsere asara ce. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera famfon gas da yawa tun 1927, aka gwada dabarar a injinan jiragen yaƙi masu shan fetur a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1954 ta fito a Mercedes-Benz 300 SL, motar nan da ƙofofinta suke buɗewa sama. Injinta mai silinda 6 da lita 3 yana ba da ƙarfin doki 215, kuma cikin silinda kai tsaye ake fesa man. Motocin da suka biyo baya sun koma fesa shi a bakin bawul ɗin shigar iska.

A cikin famfon akwai ƙaramin kamshaf da ke juyawa sau ɗaya duk lokacin da injin ya juya sau biyu. A bisansa an jera fulanja, ɗaya ga kowace silinda, kowace tana hawa da sauka a cikin gidanta kamar sirinjin allura. Famfon lantarki na kusa da tanki ne yake kawo fetur ya cika saman fulanjar ta wata ƴar kafa da ke gefe. Da zarar ta taso ta rufe kafar, man ba shi da mafita sai ya ture bawul ya bi bututu, har matsinsa ya buɗe nozul. A motar Porsche matsin ya kai ninki bakwai ko takwas na iskar tayar mota, wanda bai kama ƙafar na injin gas ba.

To, tunda tsawon hawan fulanja ɗaya ne kullum, ta yaya ake ƙara mai ko a rage shi? A jikin kowace fulanja an yanka wani tsagi a karkace. Idan tsagin ya iso daidai kafar nan, matsin yakan zube nan take, fesawa ta tsaya, ko da fulanjar ba ta gama hawa ba. Wata sanda mai haƙora ce take murɗa dukkan fulanjojin tare: murɗawa ta wannan gefe tana jinkirta haɗuwar tsagi da kafa, mai ya ƙaru, ta wancan gefe kuma tana gaggauta ta, mai ya ragu. Duk wanda ya taɓa kwance famfon tarakta ya ga wannan da idonsa.

Inda aka rabu da injin gas shi ne batun iska. Injin gas yana zuƙar iska iya cikinsa, direba kuma da mai kawai yake ƙara ƙarfi. Fetur kuwa ba ya ƙonewa da kyau sai an haɗa shi da iska bisa ƙa'ida, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi, don haka dole famfon ya san yawan iskar da ke shiga a kowane lokaci. Maganin da Bosch ya yi wa Porsche 911, wadda lambarta kaɗai ta haɗa ta da Marsandi 911 mai dakon kaya, daga 1969, har da samfurinta Carrera RS na 1973, shi ne wani ƙaramin dunƙulen ƙarfe da aka sassaƙa wa tudu da kwari. Taka totur yana juya shi, wasu nauyaye da ke buɗewa idan injin ya ƙara gudu kuma suna tura shi gaba da baya. Wani ɗan gare yana bin fuskarsa, yana isar wa sanda mai haƙora abin da ya taras. Kowane wuri a jikin ƙarfen yana wakiltar wani yanayi na tuƙi, kuma tudunsa shi ne adadin man da injiniyoyi suka gwada suka yanke. An ƙara na'urar da ke ba da ƙarin mai kafin injin ya ɗumama, da wata ƴar gwangwanin da ke kumbura idan iska ta yi sauƙi a kan tsauni, ta yadda motar da ta tashi daga Sakkwato ta hau Jos za ta rage mai da kanta.

Kamfanin Kugelfischer ya bi wata hanya, inda maimakon tsagi ake rage ko ƙara nisan da fulanja take komawa ƙasa. Famfonsa ne a BMW 2002 tii ta 1971 mai ƙarfin doki 130, da Peugeot 404 da 504 samfurin injekshan. Fijon da aka saba gani a tashoshinmu, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kafireta gare ta. Alfa Romeo ta yi amfani da famfon SPICA daga 1969 domin cika dokar hayaƙi ta Amurka, Triumph ta Ingila kuma ta sa na Lucas a TR5.

A ganina babban raunin wannan tsari shi ne famfon ba ya auna iska, zato kawai yake yi daga totur da gudun injin. Idan sandunan da suka haɗa totur da famfo suka saki, ko bawul ya fara yoyo, ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska, shi dai zai ci gaba da zuba man da aka rubuta masa tun daga masana'anta, sai baƙin hayaƙi da filogi mai kunkunniya. Fetur kuma ba shi da santsin gas, don haka famfon yana bukatar baƙin mai, sannan tazarar da ke tsakanin fulanja da gidanta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ƙwayar rairayi ko ɗigon ruwa daga man bumburutu ya isa ya karce ta. Motar da ta daɗe a ajiye cikin zafi irin na Afrilu a nan, fetur ɗinta yakan bushe ya zama danƙo, fulanja ta kafe. Ita 300 SL tana da nata aibin: bayan an kashe makulli famfon yakan ci gaba da fesawa har injin ya tsaya, fetur ya gangara cikin baƙin mai, abin da ya sa ake yawan yi mata juye.

Tsada da tsauraran dokokin hayaƙi ne suka kawar da wannan famfo daga injin fetur. Bosch ya fito da D-Jetronic mai lantarki a 1967 a motar Volkswagen 1600, sannan K-Jetronic a 1973, wanda yake auna iskar da ke shiga da gaske. Wanda irin wannan tsohuwar mota ta shigo garejinsa, ya fara da filogi da taimin da gibin bawul da matsin mai da sandunan totur, ya bar kusoshin famfon a ƙarshe, domin daidaita su yana bukatar injin gwaji irin na masu gyaran famfon gas, tare da alƙaluman wannan samfurin na musamman.