Jirgin yaƙi USS Cole

USS Cole jirgin ruwan yaƙi ne na rundunar sojin ruwan Amurka, mai lamba DDG-67. Yana cikin rukunin jiragen da ake kira distiroya, wato matsakaitan jirage masu gudu waɗanda ke yi wa manyan jirage rakiya, suna kuma harba makamai masu linzami. Shi ne na 17 a jerin jiragen ajin Arleigh Burke, mazauninsa kuma sansanin sojin ruwa na Norfolk da ke jihar Virginia. Ya fara aiki a 1996. An fi saninsa da harin ƙunar baƙin waken da 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka kai masa a tashar ruwan Aden ta ƙasar Yaman ranar 12 ga Oktoba, 2000, inda sojojinsa 17 suka rasa rayukansu. An gyara shi bayan harin, ya koma bakin aiki, kuma sau da dama aka sake tura shi ruwan da ya kusa cinye shi.

Suna

An sa wa jirgin sunan Saje Darrell S. Cole, sojan kundumbala na ruwa ɗan jihar Missouri. Da farko mai busa bigila ne, ya yi ta neman a mayar da shi kan bindiga mai sarrafa kanta har aka amince masa. An kashe shi ranar 19 ga Fabrairu, 1945, ranar farko ta gumurzun tsibirin Iwo Jima da sojojin Japan, bayan ya afka wa ramukan abokan gaba shi kaɗai da ƙaramar bindiga da gurneti. Bayan mutuwarsa aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojin Amurka. Akwai wani tsohon jirgi mai suna Cole, mai lamba DD-155, amma shi sunan wani hafsa dabam ya ci, Manjo Edward B. Cole, wanda ya mutu a Faransa a 1918.

Ƙira da makamai

Kamfanin Ingalls ne ya ƙera shi a garin Pascagoula na jihar Mississippi. An aza tushensa ranar 28 ga Fabrairu, 1994, aka jefa shi ruwa ranar 10 ga Fabrairu, 1995, sannan aka ƙaddamar da shi a hukumance ranar 8 ga Yuni, 1996 a Port Everglades ta jihar Florida.

Tsawonsa mita 154 ne, faɗinsa kimanin mita 20, nauyinsa idan ya yi lodi ya haura tan 8,000. Injuna huɗu samfurin LM2500 na kamfanin General Electric ke tuƙa shi, gudunsa kan wuce kilomita 55 a awa. Yana ɗaukar ma'aikata kusan 300. Ƙashin bayan ƙarfinsa shi ne tsarin Aegis, wanda ya haɗa rada samfurin SPY-1D da kwamfutocin da ke bin diddigin abubuwa masu yawa a sama a lokaci guda. Yana da ramukan harba makamai masu linzami guda 90 a gaba da baya, waɗanda ake zuba wa Tomahawk na kai hari kan tudu, da Standard na kakkaɓo jiragen sama da makamai masu linzami. Akwai kuma igwa mai bakin milimita 127 a goshinsa. Jirgi mai saukar ungulu yana iya sauka a bayansa, sai dai ba shi da rumfar ajiye shi, kamar sauran jiragen farko na wannan aji.

Duk wannan shiri an yi shi ne don abokin gaba mai zuwa daga nesa, ta sama ko ta ƙarƙashin ruwa. Kwale-kwalen da zai matso har ya goga da jikin jirgi a cikin tashar ƙasar da ake ɗasawa da ita ba ya cikin lissafin.

Shekarun farko

Tafiyarsa ta farko zuwa ƙetare ya yi ta ne a 1998, zuwa Tekun Fasha, a lokacin da jiragen Amurka ke sintirin tabbatar da takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa Iraƙi.

Harin Aden

Ranar 8 ga Agusta, 2000, Cole ya bar Norfolk ƙarƙashin jagorancin Kwamanda Kirk Lippold, a matsayin ɗaya daga cikin jiragen ayarin babban jirgin dakon jiragen yaƙi George Washington. Ya yi makonni a Bahar Rum, sannan ya ratsa mashigin Suwez shi kaɗai ya gangara Bahar Maliya, da nufin isa Tekun Fasha. Tafiyar tana da nisa, dole ya sha mai a hanya. Tun 1999 jiragen Amurka suka fara shan mai a Aden, bisa shawarar rundunar Amurka mai kula da yankin a zamanin Janar Anthony Zinni, wanda ke son ƙulla zumunci da gwamnatin shugaban Yaman Ali Abdullah Saleh.

Da safiyar Alhamis, 12 ga Oktoba, jirgin ya shiga tashar, aka ɗaure shi a wani dandamalin shan mai da ke tsakiyar ruwa. An fara ɗura masa mai da misalin ƙarfe 10:30. Ƙananan kwale-kwale suna ta kai-komo a gefensa, har da masu kwasar shara. Da ƙarfe 11:18 wani ƙaramin kwale-kwale mai inji, ɗauke da mutum biyu, ya matso ɓangarensa na hagu. Waɗanda ke gadi a sama sun ɗauka ɗaya ne daga cikin masu hidima, an ma ruwaito cewa mutanen biyu sun ɗaga musu hannu. Nan take kwale-kwalen ya tarwatse.

An ƙiyasta nauyin nakiyar tsakanin kilo 180 zuwa 320, wasu kuma sun ce ta fi haka. Ta fasa jikin jirgin daidai saitin ruwa, ta yi rami mai kimanin mita 12 da mita 18, ko da yake akwai rahotannin da suka kawo ƙasa da haka. Wurin da ta sama ɗakin injin ne, sama da shi kuwa kicin da wurin cin abinci, ga shi lokacin sojoji sun fara layin abincin rana. Ƙarfin fashewar ya naɗe daɓen ƙarfe ya tura shi sama, ya danne mutane. Sojoji 17 suka mutu, biyu daga cikinsu mata, yawancinsu matasa ne. Adadin waɗanda suka jikkata ana kawo shi 37 ko 39.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da sojin ruwan Amurka suka fi tinƙaho da shi. Na'urorin sadarwa na cikin jirgin sun mutu, wuta ta ɗauke a sassa da yawa, mai ya malale, ruwa yana ta kwarara. Ma'aikatan suka rufe ƙofofin ƙarfe don tsare ruwan, suka tokare bangaye da katako, suna kwana a fili a saman jirgin cikin zafin Aden. A dare na uku janareta ɗaya da ta rage ta tsaya, famfunan zuƙe ruwa suka tsaya tare da ita, har ta kai ana kwasar ruwa da bokiti hannu da hannu. A daren nan ne jirgin ya fi kusa da nutsewa. Sai da aka shafe kwanaki ana yanka ƙarfe kafin a ciro gawarwakin ƙarshe.

Jirgin yaƙin Birtaniya HMS Marlborough ne ya fara kawo ɗauki, sannan jiragen Amurka Donald Cook da Hawes suka iso. Likitocin sojin Faransa da ke Jibuti sun kwashi wasu daga cikin masu munanan raunuka, daga bisani aka wuce da majinyatan asibitin sojin Amurka na Landstuhl a Jamus. Ranar 18 ga Oktoba Shugaba Bill Clinton ya halarci taron juyayi a Norfolk.

Ba Cole aka fara hara ba. Ranar 3 ga Janairun shekarar, 'yan ƙungiyar sun shirya irin wannan hari kan USS The Sullivans a tashar ta Aden, amma kwale-kwalensu ya nutse saboda nauyin kayan da suka loda masa. Amurkawa ba su san da wannan yunƙuri ba sai bayan harin Oktoba.

Bincike da shari'a

Da farko Shugaba Saleh ya ce haɗari ne, bayan 'yan kwanaki ya amince hari ne. Hukumar FBI ta tura tawaga ƙarƙashin John O'Neill, wanda bai jitu da jakadiyar Amurka a San'a, Barbara Bodine ba, kuma masu binciken sun koka cewa hukumomin Yaman ba su sakar musu mara ba. Gwamnatin Clinton mai barin gado da ta George W. Bush da ta gaje ta, babu wadda ta mayar da martanin soja kafin 11 ga Satumba, 2001. Wannan batu ne da har yanzu ake jayayya a kansa a Amurka. A farkon 2001 Usama bin Laden ya fito a wani faifan bikin ɗansa a Kandahar yana karanta waƙar yabon harin.

Binciken sojin ruwa ya gano cewa ba a aiwatar da wasu daga cikin matakan tsaron da aka tanada ba, amma babban hafsan sojin ruwa, Admiral Vern Clark, ya yanke cewa ko da an aiwatar da su ba za su hana harin ba. Ba a hukunta kowa a jirgin ba. Duk da haka ƙarin girman Lippold ya maƙale a Majalisar Dattawa, ya yi ritaya a 2007 yana kwamanda. Wani kwamiti na dabam, na Janar William Crouch da Admiral Harold Gehman, ya ba da shawarwarin ƙarfafa tsaron jiragen da ke yada zango a tashoshin ƙetare.

Mutumin da ake zargi da kitsa harin, Abdurrahim al-Nashiri ɗan Saudiyya, an kama shi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2002. Ya yi shekaru a ɓoyayyun gidajen yarin CIA, hukumar kuma ta amsa cewa ta yi masa azabar ɗura ruwa. A 2006 aka kai shi Guantanamo. Shari'arsa a kotun soja ta yi ta jan ƙafa, a watan Agustan 2023 alƙali ya yi watsi da bayanan amsa laifin da ya yi, bisa hujjar cewa azabtarwa ta gurɓata su. A Yaman, kotu ta yanke wa al-Nashiri hukuncin kisa a bayan idonsa a 2004, tare da Jamal al-Badawi, wanda daga baya aka sassauta nasa zuwa ɗaurin shekara 15. Al-Badawi ya tsere daga kurkuku sau biyu, a 2003 da 2006, harin saman Amurka ya kashe shi a lardin Ma'arib ranar 1 ga Janairu, 2019. Fahd al-Quso kuwa, wanda shi ma ake zargi da hannu a harin, jirgi marar matuƙi ne ya kashe shi a 2012.

Iyalan mamatan sun kai ƙarar Sudan, inda bin Laden ya zauna har zuwa 1996, suna zarginta da tallafa wa ƙungiyar. A 2007 wata kotun tarayya a Norfolk ta ɗora mata alhaki, ta ci ta diyyar kusan dala miliyan 8. Wani hukuncin na kimanin dala miliyan 315 da aka ba waɗanda suka jikkata, Kotun Ƙolin Amurka ta soke shi a 2019, saboda an aika sammacin ofishin jakadancin Sudan a Washington maimakon ma'aikatar harkokin waje a Khartum. A Fabrairun 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Sudan ta sasanta da iyalan, tana nanata cewa ba ta da hannu a harin. A Disamban shekarar Amurka ta cire ta daga jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci.

Gyara

Ranar 29 ga Oktoba, 2000 jirgin ja mai suna Catawba ya janye Cole zuwa ruwa mai zurfi, inda aka ɗora shi kan Blue Marlin, wani katafaren jirgin dako na wani kamfanin Norway, jirgin da ke iya nutsar da bayansa ya ɗauki wani jirgin sukutum. Sun isa Pascagoula ranar 13 ga Disamba. Aikin ya ci wata 14 da kimanin dala miliyan 250, an kuma sauya ƙarfe mai nauyin kusan tan 550. Ya bar wurin gyaran ranar 19 ga Afrilu, 2002, ya koma Norfolk.

A daɓen barandar da ke kaiwa wurin cin abinci an dasa taurari 17 masu ruwan zinariya, ɗaya a madadin kowane mamaci. Akwai kuma dutsen tunawa da su a sansanin Norfolk, wanda aka buɗe ranar da harin ya cika shekara guda.

Tafiye-tafiyen baya

Ya sake fita ƙetare ranar 29 ga Nuwamba, 2003, ya dawo a ƙarshen Mayun 2004. A tsakiyar 2006 ya koma Gabas ta Tsakiya a karon farko tun bayan harin, kuma da ya zo wucewa daura da Aden ma'aikatansa sun jeru a gefen jirgi don girmama mamatan. A ƙarshen Fabrairun 2008 aka girke shi kusa da gaɓar Labanon lokacin rikicin zaɓen shugaban ƙasa, matakin da ƙungiyar Hizbullah ta kira barazana. A 2014 ya shiga Bahar Aswad, bayan Rasha ta karɓe Kirimiya.

A farkon Fabrairun 2017 aka tura shi gaɓar Yaman, kwanaki kaɗan bayan 'yan tawayen Huthi na ƙasar sun kai wa wani jirgin yaƙin Saudiyya hari a Bahar Maliya. A Fabrairun 2022 kuma Amurka ta aika shi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sakamakon makaman da 'yan Huthi suka harba kan Abu Dhabi a watan Janairu. A 2024 ya yi aiki a Bahar Maliya da gabashin Bahar Rum. Daren 1 ga Oktoba na shekarar, da Iran ta harba wa Isra'ila makamai masu linzami kusan 200, ma'aikatar tsaron Amurka ta ce Cole da USS Bulkeley sun harba makaman kariya kimanin 12 don tare su. Ya koma Norfolk a watan Disamba.