Shuka ma tana tuna zafin jiya

Manoma kan tambaye ni me ya sa dashen da aka rena a inuwa yake ƙonewa kwana biyu da kai shi fili, alhali wanda ya tashi a rana, iri ɗaya, yana nan garau. Wani ɓangare na amsar yana cikin ganyen, inda ido ba ya kaiwa.

Shuka ba ta da ƙafar gudu zuwa inuwa. Idan zafi ya matsa, sai ta sauya ayyukan da take yi a ciki. Cikin kayan aikinta akwai wasu 'yan guntayen saƙonni da ake kira maikro-RNA, waɗanda aikinsu shi ne rufe bakin wasu umarnin gado don kada a ƙera wani furotin, wato sinadarin da ke gudanar da wani aiki a jikin shuka. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano su a jikin wata tsutsa a 1993, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2024. A tsirrai kuwa, sai 2002 aka tabbatar da su.

Shuka ba ta zuba su barkatai. Wani furotin mai suna DCL1 ne ke yanko su daga dogon zare, yanayi kuma ke sa a ƙara wannan a rage wancan. A Arabidofsis, wani ƙaramin tsiro da masana ke gwaji da shi, an ga zafi yana ƙara wani maikro-RNA mai suna miR398, wanda ke danne furotin masu share wata guba a ganye. Kamar ganganci ne, ko? To, 'yar gubar da ta taru ita ce ƙararrawar da ke tayar da furotin masu kariya. Shi kuma miR156 yana sa kariyar ta daɗe na wasu kwanaki bayan zafin farko, ko da yake yana ɗan jan ƙafar girma.

Saboda haka, ɗan'uwa manomi, kada ka ɗauko dashe daga inuwa ka jefa shi tsakiyar rana kai tsaye. Riƙa janye rumfar kaɗan-kaɗan har kusan mako guda, ka dasa da yamma, ka ba shi ruwa, ka lulluɓe gindinsa da busasshiyar ciyawa.

Amma wannan dabara tana da iyaka, musamman lokacin fure. Shinkafa idan ta haɗu da zafin da ya haura digiri 35 tana fure, zangarniya kan fito ba ƙwaya. Tun wajen zaɓen ranar shuka ake lissafin kada furen ya faɗo a makonnin da zafi ya fi tsanani.