Waiwaye kan waƙar rabuwa: daga bakin turmi zuwa cikin salula

A 'yan shekarun nan, da wuya matashin mawaƙi ya fitar da kundinsa na farko, wanda shi ya tsara baitocinsa kuma shi ya rera su, ba tare da gardama ta tashi a fadodin shan shayi na Tawa da shirye-shiryen rediyo da shafukan Facebook ba, musamman idan kundin daga farkonsa har ƙarshensa kukan rabuwa ne da yaudara da kewar wadda ta tafi. Masu suka suna cewa waƙoƙin ba su da saƙo, kwaikwayon Indiya ne da ya biyo ta Kano, kuma bai dace ɗa namiji ya tsaya gaban jama'a yana kuka a kan mace ba. Masu kare shi kuwa amsarsu ba ta cika wuce cewa "kamar da ni yake" ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa shi ne ɗaukar lamarin a matsayin baƙon abu da ya faɗo jiya, alhali kuwa tushensa ya girmi yawancin masu gardamar.

Baƙin cikin soyayya ya daɗe a cikin waƙar Hausa, sai dai a bakin mata ya fi zama. Yana cikin waƙar daka da ta niƙa, inda mace ke yi wa miji ko kishiya habaici tana fakewa da amon taɓarya, yana kuma cikin waƙoƙin gaɗa na 'yan mata a dandali da waɗanda ake rerawa ranar kai amarya. Waɗannan waƙoƙi ba su da mai su, don haka babu wanda za a nuna da yatsa a ce ya yi rashin kunya. Makaɗa maza kuwa da ubangida suke tafiya: sarki, ko manomi, ko mahauci, ko ɗan kokawa, kuma daga hannun wanda aka wasa ne riga da doki da hatsi ke fitowa. Wanda budurwa ta guje wa ba ya ba da doki, saboda haka ciwonsa bai taɓa zama sana'ar kowa ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An buɗe gidan rediyon ƙasar Nijar a 1958, daga tsakiyar shekarun 1970 kuma samariya, wato ƙungiyoyin matasa da gwamnati ta tsara, da bukukuwan matasa na ƙasa suka cika filaye da waƙoƙin haɗin kai da noma da yaƙi da hamada. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, mai ɗauke da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa, bayan 'yan shekaru kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, kuma daga wannan zamani ne aka samu su Sa'adu Bori da Musa Pusi da Fati Mariko. Zamani ne da ya ba kiɗan zamani na Nijar ƙafar tsayuwa, ya kuma saba wa kunnuwan jama'a da tambayar da har yau ita ake fara yi wa kowace waƙa, wato wace faɗakarwa ce a cikinta. Daga 1994 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki, 'yan rap suka taso a Yamai, kaset-kaset na finafinan Kano da waƙoƙinsu na soyayya suka cika kasuwannin Ƙonni da Maradi da Tawa. A nan ne masu suka kan tsayar da labarin, su ce daga Kano ciwon ya shigo.

A ganina ba a nan akalar ta juya ba, domin waƙar fim ta zamanin kaset waƙar taro ce. Namiji da mace ke rera ta suna amsa wa juna, a bakin jaruman da kowa ya san wasa suke yi, kuma a zaure ko a tsakar gida ake kallonta, yara da manya a zaune. Wurin da ya kamata a tsaya a duba shi ne 'yan shekarun nan na bayan 2005, lokacin da salula mai araha mai ɗaukar kart memuwar, wato ɗan katin ajiye waƙoƙi da hotuna, ta shiga hannun ɗan tebur da ɗan kabu-kabu da 'yar makaranta. A bakin kasuwa da tashar mota samari suka kafa tebura da kwamfuta suna tura waƙoƙi da 'yan kuɗi kaɗan, wanda ya samu kuma ya tura wa abokinsa ta bulutut ba tare da ko dala ba. Ba a yi wani biki ba, ba a rubuta labarin a jarida ba, amma a lokacin ne waƙa ta bar fili ta koma cikin kunnen mutum ɗaya. Saurayin da ba zai iya tsayawa a dandali ya nemi a yi masa waƙar wadda ta ƙi shi ba, yanzu yana iya kwantawa a ɗakinsa da dare ya maimaita ta sau goma babu wanda ya sani. Kunyar da ta tsare wannan jigo a bakin turmi shekara da shekaru tana nan, hanyar kewaye ta kawai aka samu.

Ta ɓangaren mawaƙi ma lissafi ya sake. Ƙaramin sitidiyo mai kwamfuta ɗaya da fiyano ya wadatar, ba sai an tara orkes, wato ƙungiyar makaɗa, ba, ba sai an bi ta gaban alƙalan gasa ko mai zaɓen waƙa a rediyo ba. Da yake kuma kart memuwar ta karya kasuwar kaset da faifai, kundi ya daina zama abin sayarwa, ya koma abin neman suna, wanda idan an dace zai jawo gayyatar biki. Mawaƙin da ba ya jiran kyautar ubangida, ba ya kuma jiran maki daga alƙali, me zai hana shi ya waƙe abin da ke damunsa? Misalin da ya fi kusa da mu ɗan jihar Tawa ne, Mdou Moctar, wanda ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar, waƙoƙin soyayya da bege da harshen Tamashek, amma da salon sitidiyon Hausa na lokacin, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Kundin bai shiga kasuwa yadda aka saba ba, ta salula ya yi ta yawo har ya tsallaka iyakoki. A 2011 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sa ɗaya daga cikin waƙoƙinsa a wani kundi da ya tattara daga wayoyin mutanen yankin Sahara, sai a 2014 kuma Anar ya fito a hukumance, shekara 6 bayan jama'ar nan sun riga sun yanke masa hukunci da yatsunsu. Abzinawa ma suna da kalmarsu ta wannan yanayi na kewa da kaɗaici, asuf, kuma Ba'adare, wato mutumin yankin Tawa, da ya tashi yana jin gitarsu a bukukuwa ba sai ya je Indiya ya aro baƙin ciki ba.

Sai dai wannan hanya ta zo da nata hasara, kuma ita ce ke cizon mawaƙan yau. A cikin kart memuwar waƙa kan rabu da 'yan uwanta, sau da yawa ta rabu har da sunan mai ita, ta zama lamba kawai a cikin jerin ɗaruruwa. Jama'a suka saba da jin waƙa ɗai-ɗai, ba su saba da zama su bi kundi daga buɗewa zuwa rufewa ba, balle su lura da yadda mai shi ya jera waƙoƙin daga haɗuwa zuwa zargi zuwa haƙuri. Sharhin kiɗa a rubuce da Hausa kuwa bai yi girman da zai cike wannan giɓi ba. Da WhatsApp da TikTok suka gaji bulutut, sai abin ya ƙara gajarta, ya zama guntun amshi ne ke yawo, kuma amshi shi ne wurin da kukan ya fi ƙarfi.

Shi ya sa idan aka saurari gardamar da kyau za a ji kowane ɓangare da mudun zamaninsa yake awo. Wanda ya tashi a zamanin samariya yana neman faɗakarwa, wanda ya tashi da salula a aljihu yana neman wanda zai faɗi abin da ya kasa faɗa, kuma da ƙyar za ka ji an taɓo ko baitocin sun ginu, ko karin ya zauna, ko Hausar mawaƙin tasa ce ko ta aro. Akwai kundayen farko masu rauni ƙwarai, waɗanda ba su wuce "zuciyata" da "hawayena" ana ta juyawa ba, akwai kuma waɗanda suka san habaici irin na masu daka, amma a fada duk kuɗin goro ake yi musu, sau da yawa tun kafin a kai ga waƙa ta biyu.