Waiwaye: Yadda Kuka Ta Zama 'Yar Uwar Kuɓewa

Ka tsayar da ɗan sakandare a Ringim ko Bichi ka ce ya kawo manyan rukunonin tsirrai, zai jero maka biyar kamar karatun allo: talofaita, biriyofaita, teridofaita, jimnosfam, anjiyosfam. Da wuya a gaya masa cewa jerin nan ya girmi kakansa. Tushensa tsarin da wani Bajamushe, August Eichler, ya fitar ne a 1883, kuma masana sun daɗe da yi masa gyara.

Tun asali da ido aka fara rabon. Tiyofarastus na Girka, almajirin Aristotil, ya kasa tsirrai kusan 500 gida huɗu bisa girma da tauri: bishiya, gajeren itace, ɗan ƙaramin itace da ciyawa. Manominmu ma kusan haka yake yi, ga itace, ga haki, ga mai yaɗo. Malaman Musulunci irin su Abu Hanifa Dinawari da Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, sun tara sunaye da siffofi da amfani, musamman na magani.

A 1753 Linniyas na Suwidin ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, tsarin da ake bi har yau. Shi ya raɗa wa kuka Adansonia digitata, don girmama Bafaranshe Michel Adanson da ya yi nazarinta a Senegal. Amma rabonsa na aji 24, wanda ya dogara kan ƙirga sassan namiji a cikin fure, bai yi ƙarko ba, domin yakan haɗa baƙi a ɗaki guda ya raba 'yan uwa. Wani Bafaranshe, Jussieu, ne a 1789 ya tara tsirrai dangi-dangi har 100, yana duba siffofi da yawa, ciki har da wanda John Ray na Ingila ya riga ya lura da shi: adadin ganyen da ƙwaya ke fara fitarwa.

Wannan kam duk wanda ya taɓa bin shuka bayan ruwan farko ya san shi. Gero da dawa da masara da tsinke ɗaya suke fitowa, wake da gyaɗa kuwa ƙwayarsu gida biyu take rabewa. A kan wannan ma'auni, giginya da goriba da dabino, duk tsawonsu, sun fi kusa da gero da kacalla a kan tsamiya. Ita kuwa tsamiya, da ɗorawa da gawo da kalgo, dangin wake ne. A duba 'ya'yansu, duk a cikin kwanso suke.

Tsarin Eichler ya raba marasa iri da masu iri. A marasa iri akwai gansakuka da danginta (talofaita), sai ƙananan tsirrai marasa jijiyar ɗaukar ruwa (biriyofaita), sai masu jijiya da ke yaɗuwa ta ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙura (teridofaita). Masu iri kuma kashi biyu ne, masu iri a fili irin su itacen fayin (jimnosfam), da masu fure da ke ɓoye iri cikin 'ya'ya (anjiyosfam). A nan malamin ƙauye ke shan wahala. Masu iri a fili ba su wuce nau'i 1,000 da 'yan kai a duniya ba, kuma da wuya a gan su a dajinmu, yayin da masu fure sun kai kusan 300,000. Sai a ba kowanne darasi guda, yaro ya haddace abin da bai taɓa gani ba, gonar gidansu kuma a gama da ita a shafi biyu. A ganina an juya abin.

Bayan Eichler an yi ta zare wasu. A 1969 Robert Whittaker ya fitar da naman kaza da danginsa daga masarautar tsirrai, saboda ba sa haɗa abincinsu da hasken rana. Babban sauyi ya zo ne da aka fara karanta ƙwayoyin gado. Wata ƙungiyar masana, APG, ta fitar da sabon tsarin masu fure a 1998, ta sake shi a 2003 da 2009 da 2016, inda ta tsaya kan dangi 416. Binciken ya nuna masu ganye biyu ba zuriya ɗaya ba ce. Badon da ke fadamun Haɗejiya, alal misali, reshensa ya rabu tun kafin gero da wake su rabu da juna.

Kuka, wadda a da take dangi guda da rimi, an haɗa su duka cikin dangin kuɓewa, tare da auduga da rama da yakuwa da lalo da goro. Matan da ke kaɗa miya ba za su yi mamaki ba, yauƙin kuka da kuɓewa da lalo abin gado ne a dangin. Sai dai yauƙi kaɗai ba hujja ba ne: karkashi ma yana da shi, amma shi ɗan uwan riɗi ne.

Sunayen kimiyya da aka fara haɗawa da na Hausa, tun aikin likita J. M. Dalziel na 1916, da dama sun canza. Gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Da aka gano cewa Acacia ba zuriya ɗaya ba ce, sai gardama ta tashi kan wanda zai riƙe sunan. Taron masana na Biyana a 2005 ya bar wa itatuwan Ostareliya, na Melbon a 2011 ya tabbatar, duk da ƙorafin masana da dama na Afirka. Shi ya sa bagaruwar majema ta zama Vachellia nilotica, dakwara kuma Senegalia senegal. 'Yan kasuwa dai ba su bi ba, ƙaron da ake ɗiba a jikin dakwarar Jigawa da Yobe har yanzu da sunan Acacia ake sayar da shi a Turai.