Waiwaye: Inda Matsalar Gyaran Motocin Lantarki Ta Samo Asali

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, zancen motocin lantarki ya fita daga zauren masana ya shiga bakin direbobi da 'yan kasuwa. A Maiduguri an ga motocin haya masu aiki da batir sun hau titi, a Abuja da Legas da Kano kuma dillalai sun fara baje su tare da sauran motoci. Yawancin muhawarar da ake tafkawa ta tsaya ne a kan wurin caji da rashin tsayayyiyar wuta, amma waɗanda suka riga suka saya suna da wani kuka na daban, wato idan motar ta tsaya, ba su san hannun da za su miƙa ta ba. An saba amsa musu da cewa fasahar ce sabuwa, kuma da sannu makanikai za su ƙware. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin giɓin da ake kuka da shi ya buɗe ne fiye da shekara ashirin kafin motar lantarki ta farko ta shigo garejinmu.

Tarihin motar lantarki kanta sananne ne. A farkon ƙarni na 20 tana gogayya da mai fetur a biranen Amurka, har sai da Ford Model T ta fito a 1908 da araha, aka kuma sanya wa motocin fetur sitata a 1912, sannan kasuwarta ta mutu. Ta fara farfaɗowa da Toyota Prius mai haɗa inji da batir a 1997, sai Tesla Roadster a 2008 da Nissan Leaf a 2010. A Najeriya an ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, kuma a 2021 aka buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Waɗannan su ne shekarun da ake yawan lissafawa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke bayyana dalilin da ya sa gyara ya gagara.

Bayanin yana cikin gareji. Lokacin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, nau'in motocin da ke kan hanyoyinmu ba su da yawa, kuma 504 da ta cika tashoshi mota ce da ake gane ciwonta da kunne da hannu. Yaro zai shiga gareji yana wanke sifana, ya yi shekaru yana kallon ogansa yana kwance kafireta, yana saita filogi, yana sauraron ƙarar inji, har ya kai ga yaye. Wannan tsari ya fitar da gwanaye na gaske, domin duk abin da ake buƙatar sani yana gaban ido, kuma motar bana ba ta bambanta sosai da ta shekara goma baya ba.

Sauyin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 1996, kuma ba a nan ya faru ba. Daga wannan shekara dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota sabuwa ta zo da tsarin OBD-II, wato kwamfutar da ke lura da aikin inji da hayaƙinsa, tana ajiye lambar kowace matsala, tare da wata kafa ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karanta lambobin. Tarayyar Turai ta bi sahu da irin nata tsarin ga motocin fetur daga 2001. A daidai wannan zamani, faɗuwar darajar naira da ta soma tun 1986 ta riga ta raba yawancin mutane da sabuwar mota, kasuwa ta koma ta motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano. Da yake irin waɗannan motoci kan iso mana bayan sun yi shekaru a hannun masu su na farko, sai a shekarun 2000 ne motoci masu injekta (na'urar da ke fesa wa inji mai a madadin kafireta) da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota, suka mamaye garejinmu. A nan ne ilimin gyara ya tashi daga ƙarfen da ake taɓawa ya koma cikin waya da sansa da manhaja, alhali hanyar koyon sana'ar tana nan yadda take.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Makanikanmu ba su gaza ba, dabara suka yi, kuma dabarar ta yi aiki. Idan mota tana zafi, a cire tamostat a jona fanka kai-tsaye. Idan fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa, a cire ƙwanta ko a rufe ta. Idan injekta ta ba da wahala, wasu sukan mayar da motar kan kafireta, idan kuma abin ya faskara gaba ɗaya, a sauke injin a sayo na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas a ɗora. Motar fetur tana da haƙuri, za ta ci gaba da tafiya ko da tana shan mai fiye da kima, shi ya sa mai mota bai ga dalilin biyan kuɗin bincike ba, bakanike ma bai ga dalilin komawa aji ba. Rewaya, wanda a hannunsa makomar sana'ar take, ya ci gaba da zama wanda ake kira idan hon ko fitila ta mutu. Daga baya samari masu na'urar bincike sun bayyana, har "a sa ta a kwamfuta" ya zama maganar yau da kullum, sai dai da yawa aikin ya tsaya ne ga karanta lamba da canza kayan da lambar ta ambata, ba tare da bin zanen wayoyi an gano tushen matsalar ba. Nasarar waɗannan dabaru ita ta ɓoye mana giɓin tsawon shekaru.

A ƙasashen da motocin ke fitowa, wannan sauyi ya haifar da doguwar taƙaddama, domin abin da doka ta buɗe wa kowa shi ne bayanan da suka shafi hayaƙi, sauran kuwa suna hannun masu ƙera motar. A 2012 masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka suka amince da dokar da ta ba garejoji masu zaman kansu damar samun bayanan gyara, a 2014 aka cimma yarjejeniyar da ta faɗaɗa hakan zuwa faɗin ƙasar, a 2020 kuma jihar ta sake kaɗa ƙuri'a kan bayanan da mota ke aikawa ta iska. Mu ba mu yi wannan muhawara ba, saboda motocinmu suna zuwa ne ba garanti, ba littafin gyara, ba wakilin kamfani da za a tuhuma. Ko da motoci masu haɗa inji da batir suka fara yawaita, mutane da dama gudunsu suka yi saboda tsoron batir, gargaɗin ya wuce ba a ɗauke shi ba.

Motar lantarki ita ce ta farko da ba ta karɓar waccan dabara. Ba ta da baƙin mai, ba filogi, ba salansa, ba kuloci, don haka yawancin abin da bakanike ya ƙware a kai babu shi, abin da ya rage masa shi ne burki da taya da ƙafafu. Abin da ke tuƙa ta kuwa batir ne mai ƙarfin kusan bolt 400, wasu ma 800, alhali rewaya ya saba da bolt 12 da ake gwadawa da tartsatsi. Wayoyinta masu launin ruwan lemo suna iya kashe mutum nan take, kuma ba a taɓa su sai an katse wutar bisa ƙa'ida, da safar hannu da kayan aiki masu kariya. Batirin yana da nasa tsarin da ke lura da zafi da cajin kowane sashe, kuma a garuruwan da zafi ke haura digiri 40 a watannin bazara, wasa da tsarin sanyaya shi, irin wanda aka saba yi wa inji, yana rage masa rai ko ya jawo gobarar da ke da wuyar kashewa. Wani sashe na motocin da ake shigowa da su kuma daga gwanjon motocin hatsari ko ambaliya suke, kuma da yake batirin a ƙasan mota yake shimfiɗe, lahaninsa ba ya nunawa ga mai duba fenti.

Hanyar tsira ta ƙarshe, wato sayo na Beljiyam a ɗora, ita ma ba ta buɗe ba tukuna. Kasuwar kayan hannu tana rayuwa ne da tarin tsofaffin motoci iri ɗaya, motocin lantarki kuwa kaɗan ne, kuma sun rarrabu tsakanin na Sin da na Amurka da na Turai, har kan cajarsu ba ɗaya ba ne. Ko an samu kayan, wasu ba sa aiki sai an gabatar da su ga kwamfutar motar da manhajar da ba kowa ke da izininta ba. Masu sayen motoci da yawa a lokaci guda sukan iya ƙulla yarjejeniyar gyara da wanda ya kawo musu, amma mutum ɗaya da ya sayi tasa a hannun dillali ba shi da wannan gata. A halin yanzu waɗanda suka fi fahimtar batirin litiyam a garuruwanmu su ne masu haɗa sola da inbata, sai dai ba su san mota ba, waɗanda suka san mota kuma ba a koya musu wutar da ta kai wannan ƙarfi ba, kuma horon 'yan kwanaki da ake shiryawa jefi-jefi yana farawa ne daga batir, alhali da yawa daga cikin mahalartansa ba su taɓa samun wanda ya koya musu karanta zanen wayoyin motar 1996 ba.