Estanal had dis ya ƙi hawa kwamfuta: tambayoyin da aka fi yi

Masu ɗaukar hoton biki da ɗalibai a nan Abuja su suka fi kawo wannan kukan, to ga amsoshin a wuri ɗaya.

Na jona shi, fitila ta kama amma bai fito a This PC ba. Ya mutu kenan?

Tukuna dai malam. Fara da waya, don wallahi sau da yawa ita ce mai laifin, musamman mai faffaɗan bakin nan da ke saurin yin lako-lako. Canza ta, canza ramin USB, in destop ce ka jona ta baya, ka cire hob ɗin nan mai baki huɗu da ke ƙara yawan ramukan USB. Ramin USB 2.0 wutar 500mA kawai yake bayarwa, 3.0 kuma 900mA, wani dis ɗin sai ka ji yana ƙoƙarin juyawa yana tsayawa saboda wuta bata ishe shi ba. Babba mai inci 3.5 kuwa dole sai da adaftarsa ta 12V. In duk wannan lafiya, danna Windows da X ka buɗe Disk Management, wani lokacin yana nan zaune harafin da Windows ke kiran dis da shi ne kawai babu, ka ba shi E ko F shikenan.

Ya nuna Unknown, Not Initialized. In danna Initialize?

Nan ne mutane ke yi wa kansu ɓarna. In sabo ne fil daga kwali, danna abinka, cikin tsarin raba dis guda biyu da zai nuna maka ka zaɓi GPT domin MBR baya wuce 2TB, sai New Simple Volume. Amma in akwai kayanka a ciki, hotunan bikin mutane ko furojet ɗinka, don Allah kar ka danna, kuma in ya ce RAW, wato Windows bata gane tsarinsa ba, yana roƙonka fomat nan ma ka ƙi. Yawanci teburin da ke nuna inda kowane fatishan, wato ɓangaren dis, yake shi ne ya lalace, kayan suna nan kwance, duk abin da ka rubuta a kai yanzu rage maka damar dawo da su yake. Manhajar TestDisk kyauta ce, tana nemo fatishan da ya ɓace, in bata yi ba akwai manhajar PhotoRec, sai dai ita zata kwaso maka fayiloli ba sunayensu na asali, ka sha aikin tantancewa. Abin da ka ceto a wani dis daban zaka zuba.

Babu komai ciki, na danna, sai ya ce I/O device error ko cyclic redundancy check

To wannan ya fi kama da ciwon ƙarfe. Ko dai ɗan allon da ke cikin gidan dis ɗin ya ƙone, ko shi kansa ya gaji. Duba shi da manhajar CrystalDiskInfo mai auna lafiyar dis, in ta nuna Caution ko Bad kar ka ƙara amince masa da kaya. Zaka iya samun wani gidan a Banex Plaza da ke Wuse 2 a gwada, amma wasu ƙananan WD bakin USB ɗinsu a manne yake da allon, basa canzuwa. In kuma kana jin ƙas-ƙas-ƙas cire shi nan take, kai wa masu ceto data. Maganar sa shi a firiza da ake yaɗawa, rabu da ita, raɓa ce zata ƙarasa shi.

A Mac yana aiki, a Windows shiru

Lafiyarsa ƙalau, Windows ce bata karanta APFS da HFS+, wato tsarin fomat na Mac. Kwashe kayan ta Mac ɗin, ka yi masa fomat da exFAT, duka biyun zasu karanta su rubuta. Banda FAT32, fayil ɗaya baya wuce 4GB a kanta.

Na sayi 1TB ina ganin 931GB, an cuce ni?

A'a, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows. Cuta ita ce a ba ka 2TB a kuɗin filash, irin wannan ka gwada ainihin girmansa da manhajar H2testw tun kafin ka zuba komai a ciki.