Masu son sayen koriyar leza, dan Allah ku ɗan tsaya

Salamu alaikum jama'a. Akan tocilan leza ɗin nan koriya nake son muyi magana, mai kamar biro, wadda samari ke saya suna haska sama da daddare, wasu dan nuna taurari wasu dan koyarwa wasu kuma sha'awa ce kawai. Ni ma'aikaciyar ɓangaren ido ce kuma ban ce kar ku saya ba, nuna wa ƙannenka Kaza da 'ya'yanta ko Zara kusa da wata abu ne mai kyau wallahi, amma in zaka saya to ka sayi mai rauni, kuma kar ka yarda da duk abinda aka rubuta a jikinta.

Ƙarfinta da miliwat ake aunawa, zaka ga mW akan 'yar rawayar sitikar dake kusa da bakinta. A Amurka doka bata yarda abin nuni ya wuce miliwat 5 ba, a Ingila shawarar hukuma ma kar ya wuce 1, wato wadda aka rubuta Class 2. Kuma 5 ɗin nan ta isheka nuna tauraro in wurin da duhu, saboda idon ɗan Adam yafi kama kore akan ja nesa ba kusa ba. To mai shago in yace maka ga wata tafi ƙarfi, tana kunna ashana tana fasa balan-balan, wannan ita ce zaka ajiye masa, abinda ya kunna ashana me kake zaton zai yi wa ido?

Inda abin yafi damuna shi ne sitikar kanta tana ƙarya. A 2013 hukumar awo ta Amurka NIST ta gwada guda 122, kusan kashi 90 cikin ɗari na korayen basu cika ƙa'ida ba. Dalili kuwa yawancin koriya mai lamba 532nm ba kore take fara yi ba, a cikinta wani haske ne da ido baya gani, infirared, shi ke bi ta wasu ƙananan duwatsu ya koma kore, kuma ya kamata a sa matatar haske a bakinta ta tare ragowar, masu araha sai su ƙi sawa dan rage kuɗi. Kaga kenan ɗigon da kake gani zai iya zama ɗan kaɗan alhali wanda baka gani yana fita da yawa, ido kuma ba zai ƙifta ba tunda bai ga komai ba. Lokacin sanyi ma koren yakan dusashe, sai mutum ya juyo da ita yana leƙa baki wai ya ga ko batir ne ya mutu. Dan girman Allah kar ka taɓa leƙawa. In ka samu mai lamba 520 ko 515 ita kai tsaye take bada kore bata da wannan matsalar, amma ita ma sai ka duba miliwat ɗin.

Ɓarnar a can bayan ido take, a tantanin da hoto ke sauka, daidai tsakiyar da muke karatu da gane fuska da ita, kuma wurin baya jin zafi shi yasa yaro zai yi shiru. Sai daga baya kaga yana karkata kai in yana kallon allo, ko yace harafin tsakiya ya ɓace, ko layin littafi ya lanƙwashe. Tabarau baya gyara wannan, wani yakan samu sauƙi wani tabon ya zauna kenan. Shi yasa iyaye nake roƙonku, ba kayan wasan sallah bace, ko kai ka saya wa kanka ka cire batir ka kulle a durowa.

Masu kallon ƙwallo kun tuna Maris 2022 a Senegal, yadda 'yan kallo suka haska Salah ɗan wasan Masar da leza fuskarsa ta koma kore lokacin bugun fenareti, har FIFA ta ci tarar Senegal. Kar ka haska mutum ko dabba ko direba ko madubi, jirgin sama kuwa a Amurka tun 2012 laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari shekara 5. In kana nuna tauraro kaga wani haske yana tafiya, wataƙila jirgi ne, ka saki maɓallin sai ya wuce.

Wanda kuma hasken ya riga ya shiga idonsa, in bayan 'yan mintuna har yanzu yana ganin baƙin ɗigo ko dishi-dishi, ya rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan, kar a murza, kar a ɗiga nono ko a sa kwalli, a tafi asibitin ido ranar, kuma a tafi da lezar a hannu mu ga abinda aka rubuta a jikinta.